Kafaɗar Dama ta Ƙadangaruwa

Ku da kuke cika lotsawar mota da mastik, ku goge, ku fesa fenti, ku ce kun yi gyaran jiki, ku matso ku ji. Ba zagi ba ne. Jiya na ga ɗayanku ya ɗauki guduma ya kai wa ƙofar wata mota duka uku a wuri ɗaya, ya miƙe ya ce ƙarfen ba shi da kyau. Ƙarfen lafiyarsa lau. Mai gudumar ne bai san inda ƙarfe yake son tafiya ba.

Ni ba a garaji na koyi aiki ba. Gidanmu a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, maƙeran fari ne tun kakanni. Maƙerin baƙi shi ke yin hauya da gatari. Mu tagulla muke bugawa, da azurfa in an kawo: tasa, buta, shantali, mundayen mata. Ban yi lakwal ba, wato boko. Shekara bakwai na yi ina zuga wa mahaifina wuta kafin ya bar ni in riƙe masaba, kuma abin da ya fara ba ni gwangwani ne, ba tagulla ba. Kayan aikinmu ba su da yawa. Uwar maƙera, masaba manya da ƙanana, gudumar itace, awartaki, almakashi, magagari, sai wani kututturen kanya da aka fafe wa rami uku. Cikin ramukan nan ake dukan tasa har ta yi ciki. Babu awo, babu takarda. In ka gama tasa ta farko ana son irinta goma, sai ka buga ta biyu ka saka ta cikin ta farko. In ta zauna ba ta motsi, ta yi. In ta yi rawa, ka koma wuta. Haka aka gwada aikin kakana, haka aka gwada nawa.

Ina da mata da 'ya'ya biyu lokacin da mummunar shekarar ta zo. Damina ta fara da wuri, ta ɗauke gero yana ciki. Mutanen ƙauye, daga Damagaram Takaya har wajen Gidimuni, masu zuwa da kaka su saya wa 'ya'yansu tasoshi, suka riƙa shigowa gari da nasu tasoshin suna neman mai saye. Ga kuma kwanukan fenti masu fure sun fara shigowa daga Kano, ba su da nauyi, mata suna so. Sai mu yi kwana biyar ba mu hura wuta ba. Mahaifinmu ya riga ya rasu, maƙera tana hannun yayana Laminu. Baki goma sha ɗaya muke ci a tukunya ɗaya.

A wannan shekarar wani Nasara ya tsaya a rumfarmu a kasuwa. Shi ke riƙe da garajin wani kamfanin gyaɗa a unguwar Zango, yana gyaran manyan kamiyo masu kai buhuna Kano. Mai Lofe ake ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko babu wuta a ciki. A gabansa kuwa Mushe muke cewa, yadda ake kiran Bafaranshe. Ya daɗe a Zinder. Hausarsa ta bariki ce, amma ana ganewa. Ya ɗauki wata buta, ya juya ta, ya bi ta da babban yatsa daga wuya har gindi.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni."

"Ina haɗin?"

"Babu haɗi, Mushe. Falle ɗaya ne."

"Ka iya yin babba?"

"Kamar me?"

Ya duba hagu da dama, ya nuna jakin wani mai itace. "Kamar wancan."

Da na gaya wa Yaya Laminu Nasaran yana son in yi masa aiki a garaji, ya daɗe yana tsokanar toka da awartaki. Ya ce, "Gidan nan ba a taɓa yin ƙira da agogo ba." Na ce ba a taɓa kwana biyar ba wuta ba ma. Ya ce, "Je ka, Ibro. Amma in ka ɓata wa Nasara kaya, ba sunanka za a kira a kasuwa ba. Sunan Baba za a kira."

Abin da zan yi wa aikin yana bayan garaji ƙarƙashin wata rumfar kwano. Da na gan shi ban ce mota ba ce. Bututun ƙarfe ne aka haɗa kamar kejin kaji, da taya huɗu, tsayinsa bai wuce cinyata ba. Kujera biyu kacal, babu rufi. Na leƙa gaba inda inji yake zama, babu komai. Injin yana tsakiya, manne da bayan kujerun, kafin a kai tayoyin baya. Daga wata ƙaramar motar Faransa da ta kife a hanya Mai Lofe ya ciro shi. Ni ban san mota ba a lokacin, amma na san kowace kamiyo a gaba take ɗauke da nata. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Jaki, ina kake ɗora masa kaya?"

"A tsakiyar baya."

"Me ya hana wuya?"

"Zai kife."

"Can baya wajen wutsiya fa?"

"In ya juya da sauri kayan za su ja shi ƙasa."

Ya ce, "To."

Na sake duba inda injin yake. Maganar ta shige ni, amma ta bar wata. Na ce in haka ne, me ya sa sauran Turawa ba su yi hakan ba? Ya ce don suna son wurin da za su zaunar da surukansu. Ya ce a ƙasarsu ana tseren motoci kamar yadda ake sukuwa, kuma tun yana saurayi ya zana wannan a takarda, ya kai wa masu ƙera motoci, babu wanda ya ba shi kujera ya zauna balle ya duba. A nan kuwa yana da rumfa, yana da ranar Lahadi, babu mai hana shi. Direbobin kamiyo suna zuwa su tsuguna su leƙa, su tambayi buhu nawa za ta ɗauka. Da suka ji ko ɗaya, suka yi dariya. Su suka sa mata Ƙadangaruwa, don tana kwance da ciki a ƙasa.

Kada ku je nemanta. Ba ta nan. Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, Mai Lofe ya koma gida. Ya so ya tafi da ita, kamfani ya ce ba ta cikin kayan da ake ɗauka, kuma ba ta da takarda ko ɗaya da ke cewa mota ce. Ta zauna a rumfar, aka riƙa jibga mata tsofaffin buhuna, kaji suka yi ƙwai a kujerunta. Injin wani ya saya ya kai bakin tabkin Gidimuni yana jan ruwan lambu da shi. Na gan shi can da idona bayan shekaru, yana aiki. Jikin ban san inda ya shiga ba. Wasu sun ce masu zubin tukwane ne suka narkar. Ko hoto ban ji an ɗauka ba. Sau uku ta taɓa hawa hanya, ɗaya da ni a ciki.

Aikina shi ne in yi mata fata. Mai Lofe ya kai ni wani ɗaki, ya buɗe. Fallayen farin ƙarfe ne, alminiyon, da ya samo daga wani jirgin sama da ya lalace aka yar a gefen filin jirgi. Na ɗaga ɗaya, kamar na ɗaga tabarma. Ya ɗaga yatsu biyar.

"Biyar ne. Babu na shida daga nan har teku. Ka ɓata ɗaya, ka koma kasuwa. Ka ji?"

Na ce na ji. Abin da nake samu a garajin nan shi kaɗai ke sayen hatsin gidanmu. Ba sai ya maimaita ba.

Ranar farko na sha kunya. Tagulla in ta taurare da duka, kana sa ta a wuta har ta yi ja, ta yi laushi. Na ɗauki wani guntun alminiyon na gwaji, na riƙe a wuta ina jiran ja. Bai yi ja ba, bai yi komai ba, sai kawai na ga awartaki babu abin da ya riƙe. Ya narke ya ɗiga. Wannan ƙarfen ba ya gaya maka ya ji zafi. Mai Lofe ya kawo sabulu, ya goga a wani guntun, ya bi shi da fitilar wutarsa mai aiki da isansi, wato fetur. Da sabulun ya yi baƙi ya janye. Ya ce nan ne iyaka. Wannan kaɗai ya koya mini. Sauran hannuna ya sani: ka fara daga tsakiya, ka yi ta zagaye, dukan da ya biyo ya taka rabin na gabansa, kuma kunnenka ya fi idonka aiki. Ƙarfe mai laushi yana amsa guduma da murya a ƙasa. In muryar ta fara tashi tana tsini, ya gaji, ka tsaya ka ba shi wuta. In ka ƙara uku a kan haka, zai tsage.

Wata biyu na yi a kan falle huɗu. Ɗaya ya zama hanci. Ɗaya ya zama murfin inji, da huda-huda don iska ta fita, abin da ya ba ni haushi, don a gidanmu huda a jikin aiki abin kunya ne. Ɗaya aka raba ya rufe gefe biyu, a shimfiɗe, babu tudu. Na huɗu shi ne mai wuya: wanda ke rufe tayar gaba ta hagu, ya taso daga wajen fitila ya yi tudu a kan taya ya sauko ya sirance wajen ƙofa. Shi yana da sunansa na Faransanci. Mu kafaɗa muka ce. Wani kafinta ya yi masa ƙwarangwal na katako, ina bugawa ina ɗorawa a kai. Da na gama, Mai Lofe ya rufe ido ya bi ta da tafin hannu tun daga gaba har baya. Sai ya miƙo mini goro. Na gane.

Sai ya tashi tafiya Kano neman tayoyi da gilashi, mako biyu. Ya ce in share wuri in jira shi, in ya dawo kafinta zai yi katakon ɗaya gefen. Ya kulle fitilar wutarsa a akwati ya tafi.

Kwana ɗaya na yi ina shara. A shekara irin wannan, mutumin da ke cin albashi yana riƙe da tsintsiya, ido yana kansa. Na ce me zan jira katako? Ga ta farko a hannuna. Na ɗora kafaɗar hagu da falle na biyar a kan jaki, na rufe da tabarma, na kai Birni inda muke da wuta. Kwana shida ina bugawa a maƙerar gidanmu. In na buga sai in saka ta cikin ta farko, in duba inda take rawa, in koma. Rana ta shida ta zauna. Ko zare ba ya shiga tsakaninsu. Yaya Laminu ya zo ya danna ta da yatsa a wuri huɗu, ya ce, "Ko Baba sai haka." Bai taɓa gaya mini irin wannan ba.

Na mayar da su garaji da hantsi. A rumfar na tarar da Baba Kyari, wani tsohon baduku Babarbare da aka ba aikin rufe kujerun da jar fata. Yana zaune a ƙasa da basilla a baki. Na mayar da ta hagu wurinta. Na ɗauki sabuwar na zagaya dama, na kara ta. Cikinta yana kallon waje, tudunta ya tokari taya. Na juya ta. Tudun ya dawo waje, amma wajen fitila ya koma baya, wutsiyar ta koma gaba. Na kifa ta. Bakin taya ya koma sama. Na daɗe ina juya ta kamar mai neman bakin buhu.

Baba Kyari ya cire basilla daga baki. Ya ce, "Ɗan maƙera, motar nan gurguwa ce?"

Na sake juya ta.

"Na ga ka yi mata takalmin hagu biyu. Na ce ko ƙafarta ta dama ce ta karkace."

"Baba, bar ni."

"Na bar ka. Ku masu tasa ai ba ku san hagu da dama ba. Tasa duk inda ka juya ta tasa ce. Ni in na yanka tafin takalmi ɗaya, sai in kifa ma'aunin kafin in yanka ɗan'uwansa. Yaron da ya yi wata ɗaya a gidana ya san wannan."

Gaskiya ya faɗa. Tun da nake ban taɓa ƙera abin da ke da ɗan'uwa na ɗaya gefen ba. Duk abin da ya fito gidanmu zagayayye ne. Na ajiye kafaɗar a ƙasa na zauna kusa da ita. Saura kwana takwas Mai Lofe ya dawo, ko bakwai in hanya ta yi kyau. Falle babu.

Baba Kyari ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya jawo jakar kayan aikinsa, ya zazzage, ya ciro wata tsohuwar huffi ta fata da yake saka wa ƙafa in sanyi ya yi. Ya nuna mini. "Ta wace ƙafa ce?" Na ce hagu. Ya tura hannu ciki, ya kama bakin yatsu, ya jawo, ya juyo cikinta waje. Ya ajiye. "Yanzu fa?"

Na duba. Ta dama ce.

Ya ce, "Mu haka muke yi, a ɗinka a bai-bai a juya. Amma fata ce. Naku ƙarfen ban san halinsa ba, kuma ban ce ka yi ba."

Na ɗauki huffin na juya ta sau biyu, sau uku. Gaba yana nan gaba, sama yana nan sama, tudun ne kawai ya sauya gefe. Abin ya ba ni mamaki har na manta da halin da nake ciki na ɗan lokaci. Ban taɓa jin an juya ƙarfe ba. Ban kuma taɓa jin an ce ba a juyawa ba.

Na koma gida da jakin da azahar. Na shiga madafa na ɗauki wani kwanon alminiyon na matata Hajo. Ta ce, "Ina za ka kai mini kwano?" Na ce zan juya shi. Ta ce, "Ai a wanke yake." Na ce cikinsa zan mayar waje. Ta dube ni, ta ce da Yaya Laminu, "Yaya, rana ta taɓa ƙanenka." Kwanon ya tsage kafin la'asar, don na yi gaggawa. Na koma na ɗauki na biyu. Wannan karon ta kwashe sauran ta kai ɗakin maƙwabciya. Na biyun ya juyu. Mummuna ne, amma ya juyu, kuma na ga inda haɗarin yake. In ka danna tsakiyar tudu ciki, wani zobe yana tashi kewaye da lotsawar, kamar bakin rijiya. Aikin duka shi ne ka kora zoben nan waje, kaɗan kaɗan, har ya fita ta baki. A kan zoben ƙarfen yake lanƙwasa sau biyu. Nan yake gajiya, nan yake tsagewa.

Na gaya wa Yaya Laminu komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ni ma na danna ta da yatsana na ce ta yi." Ya tuɓe riga ya zauna a bayan zugazugi, inda rabonsa da zama tun ina yaro. Baba Kyari ya aiko da wata jakar fata cike da yashi, ya ce a gaya wa ɗan maƙera kututture zai yi masa tauri. A kanta na yi aikin.

Yadda muka yi ke nan. A goga sabulu a kan zoben kaɗai. A riƙa wuce shi ta kan garwashin ƙirya, mutum biyu riƙe da gefe biyu, har sabulu ya yi baƙi. A bari ya huce. A ɗora a jakar yashi, in kora zoben da gudumar itace faɗin yatsa biyu, ba fiye ba, in zagaye. Muryar ta fara tashi, a koma wuta. A rana muna yin haka sau goma sha wani abu, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, don sabulu ba ya nuna baƙinsa sai da hasken rana. Ban bar kowa ya yi magana kusa da ni ba. Yara suka koma wasa ƙofar maƙwabta. Rana ta uku kafaɗar ta zama abin da ba shi da suna, rabi ciki rabi waje. Wani maƙerin baƙi ya leƙo ya ce ko garkuwa muke yi wa aljani.

Rana ta biyar zoben ya iso bakin taya, inda falle ya fi siranta. Ina cikin duka na ji wata ƙara ƙarama, kamar an karya tsinke. Yaya Laminu ma ya ji, zugazugi ya tsaya. Tsaga ce, tsawon farce, daga baki tana shiga ciki. In ka bar tsaga tana tafiya. Na huda ɗan rami a ƙarshenta da tsinin ƙusa don ta tsaya nan. Muka ci gaba da rabin ƙarfin da. Da zoben ya fita gaba ɗaya, ƙarfen ya miƙe ya yi yawa a baki, don duka ya shimfiɗa shi. Na yanke rarar da almakashi, tsagar ta tafi a cikin abin da na yanke. Na naɗe bakin a kan waya, yadda muke yi wa leɓen tasa don ya yi ƙarfi. Na cire ta hagu ma na naɗe nata bakin, don kada su bambanta. Kwana biyun da suka rage na yi su ina lallashin fuskarta da ƙaramar masaba a kan uwar maƙera, ina goge tabon duka. Ba ni da abin da zan saka ta a ciki in gwada. Sai in shafa ta hagu da hannun hagu, in shafa wannan da hannun dama a lokaci guda, ido a rufe, har hannayen biyu suka daina gardama.

Ta hau motar kwana ɗaya kafin Mai Lofe ya dawo. Baba Kyari ya zagaya ta, ya ce, "Gurguwa ta warke." Bai gaya wa kowa ba.

Mai Lofe ya sauko daga kamiyo da ƙura har gira. Ya je rumfa kafin ya sha ruwa. Ya tsaya. Ya ce, "Na ce ka jira." Na ce ban iya zama ba. Ya kwance kafaɗar dama, ya ɗaga ta, ya leƙa cikinta, ya mayar. Ya rufe ido ya shafa. Ya tafi ya yi wanka. Goro bai fito ba, kora ma ba ta fito ba. Ni kuma ban gaya masa yadda aka yi ba. Na san ta fi 'yar'uwarta siranta. Ban san ko za ta jure hanya ba.

Bayan mako uku ya gama haɗa inji. Wata Lahadi da safe ya ce in shiga. Mirriya za mu. Kujerata tana dama, kafaɗar tana gabana, in na miƙa hannu zan taɓa wutsiyarta. Injin ya tashi a bayan kunnena kamar ana niƙa a cikin kaina, zafinsa yana ratso kujera. Hanyar Mirriya a lokacin jar ƙasa ce mai kunya-kunya, irin wadda ke kwance ƙusoshin kamiyo. Mutane sun sha tambayata yadda gudun yake. A tafiya ban sani ba. An ce masu jakuna sun watse cikin gonaki, an ce wata mai tallan nono ta yar da ƙwarya. Ni bakin taya nake kallo, inda tsagar ta taɓa fitowa. Yana karkarwa, hasken rana yana rawa a kansa. Ina jiran ƙarar tsinke, ko da yake a wannan hayaniyar ba zan ji ta ba.

Ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya kafin a shiga kasuwa. Kafin ƙura ta kwanta mutane sun kewaye mu. Wani dattijo ya leƙa gaba yana neman inji, bai gani ba, ya ja da baya yana ta'awizi. Mai Lofe ya fito, ya tsuguna a dama, ya bi bakin taya da yatsa a hankali, tun daga farko har ƙarshe. Ya miƙe. Ya ƙwanƙwasa ta hagu da gaɓar yatsa. Ya zagayo ya ƙwanƙwasa ta dama. Muryar ba ɗaya ba ce. Kowa ya ji.

Ya ce, "Ibro, zo."

Na zo.

"Ranar da na dawo na ɗaga ta. Ta fi waccan rashin nauyi. Kuma tabon gudumarka yana ciki, yana waje. Mutum ba ya dukan falle ta fuska biyu sai da dalili. Me ka yi?"

Na gaya masa. Hagu biyu na yi, na juya ɗaya.

Ya cire lofe daga baki. "Ka juya?"

"Na juya."

"Ba a juyawa."

"Ban sani ba, Mushe. Babu wanda ya gaya mini."

Ya daɗe yana kallon kafaɗar. Ya sa na nuna masa da hannu inda na fara, inda zoben ya bi, sau nawa na ba ta wuta. Ya tambayi wa ya riƙe mini, na ce yayana. Ya tambayi wa ya kawo dabarar, na ce mai ɗinkin kujera. Ya yi wata dariya gajera ta hanci. Na ce tun da ya sani, me ya hana shi magana mako uku?

Ya ce, "Ina son in ga ko za ta iso Mirriya."

"Da ba ta iso ba fa?"

"Da ka koma da ƙafa."

Na ce to, ta iso.

Ya mayar da lofe. Ya ce yanzu motarsa ta fi nauyi a hagu, kuma shi ba ya tuƙa abin da ya karkace. Gobe in cire ta hagu in buge ta har ta yi sirantar 'yar'uwarta, zai auna su a sikelin gyaɗa. In na gama, akwai kamiyo uku a garaji da goshinsu ya lotse tun bara, babu mai taɓa su. In yayana yana son aiki, ya zo da masabarsa.

Muka sayi rake, muka juya. A hanyar komawa ne na ɗaga kai na ga itatuwa suna wucewa, na ji yadda take shiga kwana ba ta jan jiki, kamar an ɗaure ta da ƙasa. Wajen rabin hanya iska ta ɗauke mini hula. Ban ce ya tsaya ba.